Rigunan Gwaji

Yaushe riga take tashi daga sabuwa? Ranar da aka saye ta ne, ko ranar da ta taɓa jikin mutum, ko kuwa sai ranar da mai saye ya sani? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Na duba 'yan littattafan da na koya wa kaina karantawa, na tambayi waɗanda suka fi ni, har yau ban sami amsar da ta zauna mini ba.

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, ina aiki a wurin Alhaji Kolo a unguwar Koki. Kakanninsa daga Borno suka zo, amma shi ba abin da ya rage masa na can sai hula da son turaren wuta. Gidan ɗinki gare shi: teloli da kekunansu a soro, masu aikin wuya a tsakar gida. Babbar riga da 'yar ciki da wando muke yi na shadda, ɗinkakku, mu ba dillalai su shiga gari da su. Ni ba na ɗinki. Nawa aikin yana wani ɗan ɗaki a bayan soro, inda kayan da suka dawo suke sauka. In warware riga, in duba, in raba. Wadda ɗinki ya saki ta koma wurin tela, wadda rini ya zuba ta koma marina, wadda ba ta da laifi sai dai ba ta yi wa mutum daidai ba, a gyara ninkinta ta sake fita.

Tun zamanin mahaifin Alhaji akwai wata al'ada a gidan. Ba a sa mai mutunci ya tuɓe a kasuwa. Dillaliya za ta kai masa riga har gida, ya gwada a ɗakinsa, iyalinsa su gani. In ta yi masa ya biya, in ba ta yi ba ta dawo. Gwaji muke ce da shi. A da, rigar gwaji takan dawo da ninkinta bai ko gama fita ba.

Sai siyasa ta zo. Yau rantsarwa, gobe walima, jibi taron godiya, ga rakiyar ciyaman zuwa ofis. Duk wanda ya taɓa liƙa fasta a bango sai ya ga ya kamata a gan shi cikin babbar riga, kuma ba kowa ne yake da halin sayenta ba. Gwaji ya ƙaru, ciniki bai ƙaru ba.

'Yardada ce babbar dillaliyarmu, mace mai jiki da murya, wadda ta san ƙofar kowane gida daga Koki har Sheshe. Wata safiya ta shigo ɗakina ta dire ƙunshi a gabana tana haki.

"Alƙalin riguna, ga masu laifinka na kawo."

Na kwance ƙunshin na ɗaga ta farko, shuɗiya. Wuyanta ya yi duhu da zufa. A aljihu akwai ɓarɓashin goro, a hannun dama ga ɗigon miya.

"Hajiya, wannan an ci tuwo da ita."

"Gwada ta ya yi."

"A gidan walima?"

"To a ina ake gwada babbar riga in ba cikin mutane ba? Madubi zai ce masa ta yi kyau ne?"

"Me ya ce laifinta?"

"Wai ta yi masa nauyi a kafaɗa." Ta zauna a kan buhun ƙyalle ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. "Kai dai rubuta ta yi nauyi. Malam Isyaku, mutumin nan fa sabon kansila ne. In kana da ƙarfin hali, ga hanya nan, je ka gaya masa ya ci tuwo."

Na kai wa Alhaji rigar. Ya duba wuyan, ya shinshina, ya ajiye. Ya juya yana kallon telolin da rabinsu suke zaune ba aiki.

"In na ƙi karɓa, na ce da kansila maƙaryaci," ya ce. "Su ne masu ba da ɗinkin kayan makaranta yanzu. In na karɓa na tara su a ɗakinka, kafin damina ta ƙare na sallami waɗannan bayin Allah. A wanke, a sa sitaci, ka kai wa Baba Lawal ya buge su."

Baba Lawal mai bugu ne a Zaitawa. Duk rigar da muka ɗinka sai ta bi ta hannunsa kafin ta shiga kasuwa. Akan ninke ta a kan gungume, a yayyafa mata ruwa, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna da gudumar katako, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, har shaddar ta kwanta ta ɗauki sheƙi kamar an zuba mata mai. Rigar da aka wanke, in ta sha bugu a hannun gwani, ko telan da ya ɗinka ta ba zai rantse an taɓa sa ta ba.

Mabugar tasa wani tsohon zaure ne, kuma ba nasa ba ne. Mai gidan, tun yana raye, ya ce muddin ana aikin bugu a wurin, ba mai tashin Lawal. Ɗansa Nazeer da ya gaji gidan ya riƙe maganar. Gungumen kuwa na kirya ne, rabinsa a binne cikin ƙasa, an sa shi tun kafin a ƙanƙance ƙofar zauren. Ba ya fita sai an rushe bango. Masu kawo wa Baba aiki sun yi ta raguwa tun da dutsen guga na lantarki ya shigo gari, har ya zama kayanmu ne suke riƙe da shi, shi da Ɗanjuma, abokin bugunsa da suka tsufa a kan gungume ɗaya.

Na same su suna hutawa. Na gaishe su na ajiye ƙunshin. Baba ya ɗauki shuɗiyar, bai duba wuya ba, bai duba aljihu ba. Murza yadin kawai ya yi tsakanin yatsu biyu.

"Wannan ta sha ruwa."

"Ta sha, Baba."

"Ta wace ce?"

"Ta Alhaji ce. Gwaji ce ta dawo."

"Ina za ta daga nan?"

"Kasuwa."

Ya mayar da ita kan ƙunshin a hankali, ya tura mini da bayan hannu.

Na ce, "Baba, ai tsofaffin riguna kana buga su kullum."

"Ina bugawa. Mai ita ya kawo, ya san tasa ce, ya karɓi abarsa ya tafi Idi. Wannan kuwa so ake in rufe mata baki."

"Ba kai za ka sayar ba."

"Kolo zai gaya wa mai saye an sa ta?"

Na sunkuyar da kai na hau ɗaure ƙunshin.

"To da hannuna zai yi shirun. Ka ce masa na gaishe shi. Ka ce ya sayar da su a matsayin kwance, kayan da aka taɓa sawa, ya rage kuɗi, ni kuma in buga masa su har ya ga fuskarsa a jiki."

Ɗanjuma ya yi gyaran murya. "Yaya Lawal, riga ce fa, ba shaidar zur ba."

"Kai dai riƙe gudumarka."

Na ɗauko ƙunshin na dawo Koki da shi a ka, cikin zafin nan na kafin ruwan farko. Alhaji ya saurari saƙon har ƙarshe, ya cire hula ya shafa kai.

"Kwance? Ranar da aka ji akwai kwance a gidan Kolo, duk rigar da ta fita daga nan ta zama kwance a idon mutane, har wadda ba ta sauka daga keke ba. Baba ya san haka."

Ya aika ni wata mabuga a can wajen kasuwa. Su kuma suka ce ba sa karɓar ragowa. In za a ba su, a ba su duka, sababbi da na gwaji. Alhaji ya sake tura ni wurin Baba da wannan magana, ya ce in roƙe shi, in tuna masa zaman da suka yi da mahaifin Alhaji. Na je, na roƙa, na tuna masa. Baba ya ce ya tuna, shi ya sa ma. Daga wannan makon kayanmu suka daina zuwa Zaitawa.

Ba a daɗe ba Ɗanjuma ya bi aikin. Ya koma mabugar wajen kasuwa, yana buga rigunan da aka ƙi bugawa a gabansa. Na gamu da shi a can, ya kau da kai, sannan ya juyo ya ce, "Iyali gare ni, Malam Isyaku." Na ce masa ban tambaye shi ba.

A wannan lokaci ɗakina ya zama kamar tasha. Riga ta fita ranar Alhamis, ta dawo Asabar, ta je wanki, ta je bugu, Alhaji ya sa a turara ta, ta sake fita. Har na fara gane su kamar mutane. Shuɗiyar nan ta halarci tarurrukan da ni ban isa a gayyace ni ba. Na gaji da warin zufar mutanen da ban sani ba. In na koma gida Sheshe, sai in buɗe littafin fiƙihu a babin ciniki. Abin da na fahimta, ɓoye aibi haramun ne. To amma aibin da wanki da bugu suka ɗauke, har ba ido ko hannun da zai same shi, yana nan a matsayin aibi? In yana nan, a ina yake zaune, tunda ba ya jikin yadin? Wani lokaci in ga Baba ne da gaskiya sarai. Wani lokaci in tuna telolin Alhaji da 'ya'yansu, in ga kamar gaskiyar Baba wasu ne za su biya kuɗinta.

Na taɓa yi wa 'Yardada wannan magana. Ta dube ni kamar na yi mata Larabci.

"Kai wahalarka ke nan, tunani. Rabin masu ɗauka sun san an sa, tunda su ma sawa za su yi su dawo da ita. Wa aka cuta?"

"Ɗaya rabin."

"Shuɗiyar taka na sayar jiya. Wani manomi ne, Audu, daga ƙauye ya zo zai sai wa tsohonsa rigar Juma'a. Da hannu biyu ya karɓa, ya shinshina, ya ce sabon abu da ƙanshinsa. Murna kamar ya yi hawaye. Bi shi ka gaya masa kansila ya yi zufa a ciki, mu ga ko alheri ka yi masa."

"In da ya sani zai biya abin da ya biya?"

"In da na san halin mijina zan aure shi? Ga mu nan dai, har da jikoki." Ta ɗauki ƙunshinta ta fita tana dariya.

Hanyata ta komawa gida ta Zaitawa take bi. Na yi tsammanin zan tarar da zauren Baba shiru, amma kullum in na kawo lungun sai in ji guduma. Ɗaya ce, ba mai amsa mata, tana sauka tana jiran wadda ba ta zuwa. Na yi murna, na ce ashe ya sami masu kawo masa. Ranar da na leƙa na gaishe shi, farar riga ce a kan gungume. Da na sake leƙawa bayan 'yan kwanaki, ita ce dai. Na uku ma ita ce. Rigarsa ce ta zuwa masallacin Juma'a. Yakan jiƙa ta da safe, ya ninke, ya yi ta bugu har azahar, ya huta, ya sake. Sai mu gaisa, ya tambaye ni Kolo, in ce lafiya lau.

Wata Talata bayan la'asar ina zaune a wurinsa sai ga Nazeer, ɗan mai gidan, da wasu mutum biyu a bayansa. Ɗaya yana riƙe da gwangwanin fenti, ɗaya da tuta a naɗe. Su suka tsaya a waje suna duban bango. Nazeer ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baba yadda ya kamata.

"Baba, mutanen jam'iyya ne. Ofishin mazaɓa suke nema, sun ce nan ya fi kusa da titi."

"Ka gaya musu da mutum a ciki?"

"Na gaya musu. Na ce mahaifina ya yi alkawari, muddin ana aiki ba mai taɓa wurin. Ina kan maganar har gobe." Ya dubi farar rigar. "Amma Baba, wannan rigar duk unguwa an san ta. Mata a cikin gida ma sun ce ƙararta ta canza, kamar ana dukan icen ne kawai."

Baba bai ɗaga kai ba.

"Ni ban kore ka ba, wallahi. In aiki ya dawo zuwa Juma'a, su nemi wani wuri. In bai dawo ba, ka yi mini uzuri. Ni ma akwai waɗanda nake ciyarwa, ga rufin cikin gida yana jiran ruwa."

"Gungumen fa?"

"Sun ce za su shimfiɗa katako a kai, ya zama benci."

Daga waje mai fenti ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ma ya yi daidai da zaman taro." Nazeer ya juya ya harare shi, ya yi sallama, suka tafi.

Muka zauna. Can Baba ya warware rigar, ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga ta saitin ƙofa. Haske ya ratsa ta ko'ina. Wajen ninki duk ta tsattsage, zaren ya mutu, aikin wuyan ya baje kamar an taka shi.

"Isyaku, wa nake buga wa wannan?"

"Kanka, Baba."

"A'a. Nazeer nake buga wa. Don ya ji daga cikin gida ya ɗauka aiki ne." Ya sauke rigar. "Na ƙi rufe wa baƙo ido, na zauna ina cika wa maƙwabcina kunne. Yaron da aka haifa ina wannan zauren."

Na ga ya kamata in ce wani abu. Na fara kawo masa abin da na karanta, cewa akwai bambanci tsakanin mai yin aiki da mai sayarwa, cewa mai bugu sheƙi aka ce ya fitar, shi ya fitar, abin da za a faɗa wa mai saye yana wuyan mai kaya. Ina magana ina jin yadda take fita ba ƙarfi, domin ni kaina ban gama yarda da ita ba.

Ya ɗaga mini hannu.

"Kada ka kawo mini fatawa, Isyaku. Abin da na gaya maka ranar nan, yana nan yadda na faɗa. Ba abin da ya canza a ciki." Ya zauna, ya ɗora tafinsa a kan gungumen, inda shekaru suka yi masa kwari ya yi santsi. "Kaya za ka kawo mini."

Da safe na gaya wa Alhaji. Na ɗauka zai yi murna, ko ya ce ai dama ya faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tambaye ni ko Baba lafiyarsa ƙalau, na ce ƙalau. Ya ce a mayar masa da aikin duka, sababbi da na gwaji, a kuma gaya wa Ɗanjuma kaya sun koma Zaitawa, in ya ga dama ya bi su. Sannan ya ce, "Fara kai masa sababbin." Na duba, sababbin ba su sauko daga wurin masu aikin wuya ba. Abin da yake a shirye na ɗakina ne, waɗanda suka dawo daga wanki.

Su na ɗauka. A bakin zauren na tarar da gwangwanin fentin nan an ajiye shi a jikin bango, ba a buɗe ba. Baba yana ciki shi kaɗai, ya share wurin, ya cika kwanon ruwa. Ya amsa gaisuwata a taƙaice. Na kwance ƙunshin na matsa gefe.

Ya ɗauki ta sama, ruwan ƙasa ce mai aikin zare fari. Wannan karon ya duba wuyan. Wanki ya fitar da zufar, sai wata 'yar inuwa da ba mai gani sai wanda ya san inda zai duba. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ninke rigar yadda ake ninke sabuwa, ya shimfiɗa ta a kan gungume, ya tsoma yatsu a kwano ya yayyafa mata ruwa. Ya buɗe baki kamar zai yi bisimilla, ya rufe. Ya ɗaga gudumar da hannu biyu, ya sauke ta a kan wuyan rigar.